Gahawar Injiniya

Babu ƙauyen da aka taɓa sauraren jama'arsa a duk kudancin Jodan kamar yadda aka saurari mutanen Ain Zarur a kan maganar sabon titi. Rahoton hukumar tsare-tsare ta lardi ne ya faɗa, a shafi na goma sha huɗu, har da hoto. Ya ce an tara jama'a maza da mata, an baje musu taswira, an ba kowa dama ya faɗi ra'ayinsa ba tare da tsangwama ba, kuma mutumin da titin zai fi taɓawa shi ne ya fara buɗe baki ya amince, tun kafin a tambaye shi. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan.

Mutumin sunansa Salama Irshed, amma tun da aka haifa masa ɗan fari ba mai kiransa sai Abu Hayil. Da sassafen ranar taron yana tsugune a bayan zaurensa, yana juya 'ya'yan gahawa a kasko, yana tilawa.

"Bisa la'akari da tanadin doka, da kuma..." Ya tsaya. "Da kuma me?"

"Da kuma haƙƙin mai fili," in ji 'yarsa Tahani, wadda lauya ce a birnin Karak, ta ajiye aikinta ta zo saboda wannan rana. "Baba, ka ƙyale haddar nan. Takardar tana aljihunka, karantawa za ka yi. Abin da nake so ya fito daga bakinka da ƙarfi, yadda sakatare zai ji, shi ne: ban amince ba."

"Ni za ki koya wa cewa a'a? Shekara arba'in ina ce wa uwarki a'a."

"Sau nawa aka ji ka?" in ji matarsa Ummu Hayil daga madafi.

Maganar ba ta da wuyar ganewa. Hukuma na so ta yi titin da zai kewaye ƙauyen, don manyan motocin da ke ɗauko duwatsu su daina bi ta gaban makaranta. A taswira an ja layi biyu. Jan layi ya ratsa tsakiyar gonar zaitun ɗin Abu Hayil, ya kwashe bishiya arba'in da uku, ya hau kan rijiyar tara ruwan sama da kakansa ya sassaƙa a cikin dutse. Shuɗin layi ya bi ta kan fako, inda ko akuya ba ta tsayawa, sai dai ya ɗan gutsuri filin da surukin magajin gari yake gina ɗakin biki. Masana suka auna suka ga jan layi ya fi dacewa da makomar yankin. Amma ƙa'idar aikin ta ce idan mai fili ya ƙi a gaban taro, aka rubuta, dole a koma a sake nazarin shuɗin. Nazari kuwa a lardinmu yakan ci shekara biyu, wani lokacin har mai nazarin ya yi ritaya.

Sati uku kafin a zo jin ra'ayi, wasu mutane suka zo da mota suka kafa rodi goma sha ɗaya a gonar, kowanne da jan ƙyalle a kansa, don hukuma ba ta son ta tambayi mutum a kan abin da bai gani da idonsa ba. Abu Hayil ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge. Tara ya jingina a ɗakin awaki. Biyu Ummu Hayil ta tallafe tumatirinta da su.

Da a ɗakin taron gunduma za a zauna. Sai magajin gari, Abu Sakhar, ya iso ranar Talata ya ce ana fenti.

"Kuma ko ba fenti, ina za a kai baƙo daga Amman in ba zaurenka ba? A ba shi gahawar ofis a kofin takarda, ya koma ya ce Ain Zarur ba mutane?"

Tahani ta bugo waya a ranar ta ce kada ya yarda. Ya tambaye ta da wane baki ake ce wa mutane kada su zo gidanka. Ba ta samo masa sashen doka a kan wannan ba. Ya yanka raguna uku.

Kafin ƙarfe goma sha ɗaya zaure ya cika. Maza sittin da 'yan kai sun jeru a kan katifu jikin bango, kowa da carbinsa, har da waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a hanyar titin amma hancinsu lafiya lau. Za'al, ɗan baffan Abu Hayil, wanda tun suna yara bai taɓa raga masa ba, ya zauna kusa da ƙofa.

"Abu Hayil, an ce ka yi hadda. To, yau ma ji. In ka kakare ka dube ni, zan ɗora maka."

"Kai da Fatiha ma sai an ɗora maka."

Injiniya Lu'ay ya shigo bayan magajin gari, jakar kwamfuta a kafaɗa, majigi a hammata. Shekarunsa ba su wuce talatin ba. A Amman, babban birnin ƙasar, aka haife shi, a hawa na shida ya girma, ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da digiri na biyu a kan yadda ake shigar da al'umma cikin tsara ƙasarsu. Ya san al'umma sosai, ya rubuta shafi ɗari da tamanin a kanta. Mutum ne mai kirki. Ya bi zauren ya gaisa da kowa hannu da hannu, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da ya zauna ya duba takardarsa, ya ce ƙa'ida tana son kashi ɗaya cikin uku na mahalarta su zama mata. Magajin gari ya ce ai suna nan, ya tura sakatare ya leƙa tsakar gida. Sakatare ya ƙirgo talatin da ɗaya a bakin tukwane, ya rubuta. Shi ya sa rahoton ya ce mata sun taka muhimmiyar rawa a taron, kuma haka ne, don da ba su da ba wanda ya ci komai. Tahani ce kaɗai ta zo ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta harɗe hannu.

Abu Hayil ya shigo da butar gahawa a hagu, finjalai a dama. Ya tsiyaya na farko ya shanye da kansa, kamar yadda ake yi. Ya tsiyaya na biyu ya nufi magajin gari.

"A'a," in ji Abu Sakhar, ya dafe ƙirji. "Baƙo tukuna."

Injiniya ya karɓa, ya yi murmushi, ya ce ya gode. Ya sunsuna ya yaba ƙamshin. Sai ya sunkuya ya ajiye finjalin a kan darduma a gabansa, ya buɗe kwamfuta.

Carbi ya tsaya a hannu sittin.

A Ain Zarur, da duk inda ake tsiyaya gahawa daga buta, baƙon da ya karɓi finjali ya ajiye bai kurɓa ba ya gama magana. Abin da ya ce shi ne: na zo da buƙata, kuma ba abin da zai shiga bakina a gidanka sai ka biya mini ita. Haka ake neman aure, haka ake roƙon a yafe jini. Mai gida yana da ikon ya ƙi, kamar yadda yake da ikon ya shiga kasuwa ba wando. A ƙauyen da ke gaba akwai wani gida da kakansu ya bar gahawa ta huce a gaban baƙo tun zamanin da ba mota. Har yau in 'yarsu za ta yi aure sai wani ya tuna.

Shi kuwa Injiniya gyambon ciki gare shi. Likita ya hana shi gahawa, da yaji, da damuwa. Ko magajin gari ya san da wannan, Allah ne masani. Abin da aka sani dai, shi ya je har Karak ya ɗauko shi da motarsa, tafiyar minti arba'in, kuma mai gyambon ciki ba ya minti arba'in bai ba da labarinsa ba.

Abu Hayil yana tsaye da buta.

"Gahawarka, Injiniya," ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ake gaya wa mutum ya sa riga a baibai.

Injiniya ya ɗago da murmushin ladabi. "Na gode, Baffa. Bari mu fara gama abin da ya kawo mu tukuna."

Wani dattijo a kusurwa ya ce, "La haula." Za'al ya rufe ido. Ko da a tanti aka haifi Injiniya, ya tashi a gindin shehunan ƙabila, ba zai faɗe ta daidai fiye da haka ba.

Abu Hayil ya dubi magajin gari. Magajin gari yana nazarin silin. Ya dubi ƙofa. Tahani tana girgiza kai, tana nuna masa aljihun ƙirjinsa da yatsa. Takardar tana nan, yana jin kusurwarta tana ɗan sukarsa. Shafi biyu ce, an buga da inji, har da sunan kakansa da shekarar da aka gama rijiyar. Sai ya dubi finjalin. Gahawar da ake zubawa a finjali ba ta wuce kurɓi biyu ba, kurɓi biyu kuwa ba ya daɗewa da zafi. Tururin da ke tashi ya fara sirancewa. Mutum sittin suna taya shi kallo.

Ya gyara murya.

"Sha gahawarka, Injiniya. Abin da ka zo nema ka samu."

Zaure ya ɗauka. "Allah ya ja kwana!" "Jinin Irshed ke nan!" "Gidan karamci!" Magajin gari ya sauko da idonsa daga silin, ya raɗa wa Injiniya wani abu. Injiniya bai gane sosai ba, amma ya ɗauki finjalin ya taɓa a leɓe. A nan aka ɗauki hoton da ke shafi na goma sha huɗu. Sakatare ya tambayi yadda zai rubuta. Magajin gari ya ce ya rubuta yadda ya ji.

Bayan haka aka yi taron. Majigi ya haska taswira a bangon zaure, tsakanin hoton mahaifin Abu Hayil da agogo. Injiniya ya yi minti hamsin yana bayani a kan yadda yankin zai kasance nan da shekara ashirin. Ya nuna jan layi, ya nuna shuɗi, ya ce babu abin da aka yanke, komai yana hannun jama'a. Ya tambayi wa ke da magana. Wani ya yi magana a kan karnukan da suka addabi maƙabarta. Wani ya tambayi yaushe za a turo likita asibiti. Za'al ya ɗaga hannu ya ce shi dai shuɗin ya fi masa kyau a ido. Aka tambaye shi ko yana da fili a wurin, ya ce a'a. Aka rubuta a matsayin shawara.

Injiniya ya juyo. "Mai gonar fa? Baffa, kai abin ya fi shafa."

"Ai ya riga ya yi magana," in ji mutum biyar a tare.

"Mahaifina yana da takarda," in ji Tahani daga ƙofa. "A aljihunsa take, ya..."

"Tahani," in ji Abu Hayil. Yana zagaye na biyu da buta, bai ko juyo ba. "A duba shinkafar nan."

Ta juya ta shige. Sakatare ya rubuta cewa ɗaya daga cikin mata ta yi tsokaci.

Da aka idar da azahar aka shigo da mansaf, manyan faranta tara, shinkafa da nama an kwarara musu miyar busasshen kindirmo. Maza suka zagaye a tsaye, kowa ya naɗe hannun riga. Mai gida ba ya ci da baƙi. Ya bi farantan yana ƙara miya, yana rantse wa mutane su ci. Injiniya ya ɗan tsakuri shinkafa ta gefe, inda miyar ba ta kai ba.

A wurin wanke hannu Tahani ta tare Injiniya. Ba a ji abin da ta gaya masa ba, bai fi minti biyu ba, amma da ta gama fuskarsa ta koma kalar miyar. Ya zagaya bayan zaure ya samu Abu Hayil yana ɗauraye finjalai.

"Baffa, wallahi ban sani ba. Olsa gare ni. Ga maganin ma." Ya zaro kwalba daga aljihu. "Ba abin da nake roƙo. Ni kaina shuɗin layin na fi so, na rubuta musu haka tun a ofis. Yanzu zan sa sakatare ya goge, mu koma ciki in yi wa mutane bayani."

Abu Hayil ya daɗe yana duban kwalbar.

"Mayar da ita aljihu."

"Baffa..."

"Mayar. Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"Madalla. Saurara, ɗana. Yanzu a cikin zauren nan ni mutum ne da ya ba baƙo gonar kakansa a kan finjali ɗaya. Jikokina za su ci albarkacin wannan. In ka shiga ka yi bayaninka, na zama mutumin da ya ba da gonar kakansa saboda ciwon cikin wani. Ka ga mai zama a bakin ƙofa, wanda ya ce shuɗi ya fi kyau? Zai yi shekara ɗari a duniya don kawai ya riƙa ba da labarin. Kuma gonar ba za ta dawo ba, don na faɗa, sun ji."

"Amma kuskure ne."

"Naka ne kuskure. Nawa magana ce." Ya kife finjalin a kan tire. "Ka riƙe olsarka a cikinka har ka isa Amman. Can ma in ka haɗu da mutumin kudu, ka ce masa lafiyarka ƙalau."

Injiniya ya ce zai rubuta a rahoto cewa... Sai ya tsaya, don bai san me zai rubuta ba. Abu Hayil ya shiga ɗaki ya fito masa da jarkar man zaitun na bara, ya ce cokali ɗaya da safe kafin a ci komai, yana warkar da gyambo.

"Na gonar ne," ya ce. "Ka yi tattalinsa."

Wajen sallama magajin gari ya rungume shi, ya sumbace shi a kumatu sau uku, ya ce a gaban kowa zai nemi a sa wa titin sunan Irshed. Aka yi kabbara. Za'al ne na ƙarshen fita. Ya tsaya a ƙofa kamar zai ce wani abu, ya duba fuskar ɗan baffansa, ya ce naman ya yi laushi, ya tafi.

Tahani tana zaune a kan katifar da Injiniya ya tashi.

"Baba, akwai kwana talatin. Ana karɓar ƙorafi a rubuce har kwana talatin bayan taro. Sa hannu kawai za ka yi a ƙasan takardar nan, ni zan kai da kaina gobe. Ba wanda zai gan ka."

"In aika takarda ta je ta ƙaryata bakina?"

"Tarko Abu Sakhar ya ɗana maka! Fenti! Yaushe rabon ɗakin taron gunduma da fenti?"

"Na ga idonsa a silin. Wannan tsakaninsa da Allah ne, da kuma zaɓe mai zuwa."

"To don me na yi karatun nan, Baba? In ba zan iya tsare rijiyar gidanmu ba, me nake yi a Karak?"

Ya zaro takardar daga aljihu, ta ɗan jiƙe da gumi, ya miƙar da ita a kan cinyarsa, ya ba ta.

"Rubutun ya yi kyau. Ki ajiye, wani zai buƙata."

Bayan la'asar ya shiga ɗakin awaki ya fito da rodi tara a kafaɗa. Ya zo ya tsaya a gaban tumatirin.

"Har da waɗannan?" in ji Ummu Hayil.

"Goma sha ɗaya suka kafa."

Ta sunkuya ta kwance igiyar da kanta. Tumatirin ya kwanta a ƙasa da 'ya'yansa.

"Shekara arba'in kana ce mini a'a," ta ce. "Ashe a kaina ka ƙarar da ita."

Ta ɗauki biyun ta bi bayansa zuwa gona. Zaitun ya fara duhu a reshe, saura wata guda a kaɗa. Ba a yi ruwa ba tun da ya tuge rodin, ramukan suna nan yadda ya bar su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zura, ya buga da dutse, ya gyara jan ƙyallen. Ita tana miƙa masa. Layin ya tafi sambal tsakanin bishiyoyin, kamar an ja da zare.

Na goma sha ɗaya a bayan rijiya yake.

"Dawo da shi ta wannan gefen," in ji Ummu Hayil. "Taku biyu ne, rijiyar ta fita. Wa zai sani? Su kansu ba su san inda suka kafa ba."

Ya tsaya da rodin a hannu. Ya dubi taku biyun. Ya dubi murfin rijiyar, inda igiyar guga ta ci dutse har ta yi masa zane. Sannan ya sa ƙafa ya share busassun ganye, ya samu tsohon ramin, ya zura, ya buga sau uku.

Sun juya sun kama hanyar gida, sai ya waiwaya. Na ƙarshen ya ɗan karkace. Ya koma ya miƙar da shi.